Yabon Gwani a Makare: Yadda Aka Karrama Farfesa Haile Gerima

Ranar 25 ga Satumba, 2021, aka yi liyafar buɗe gidan tarihin finafinai na hukumar da ke raba lambar Oscar, a birnin Los Angeles na Amurka. A daren aka kira wani dattijo ɗan Habasha mai shekara 75, aka miƙa masa lambar yabo mai suna Vantage, wadda kafin shi ba a taɓa ba kowa ba. Sunansa Haile Gerima, farfesa a Jami'ar Howard da ke Washington, inda ya fara koyar da fim tun 1975. Darakta Ava DuVernay ce ta miƙa masa. A wannan daren ne kuma aka karrama Sophia Loren, tsohuwar jarumar Italiya da duniya ta san fuskarta. Shi kuwa dattijon, da yawa daga cikin masu bin finafinan Amurka sau da ƙafa ba su taɓa jin sunansa ba.

Masu gidan sun bayyana cewa an ƙirƙiro lambar ne domin mai fasaha ko masanin da ya taimaka wajen ƙalubalantar labarin da aka saba bayarwa game da sinima. Ke nan ba don fim guda aka ba shi ba, ba kuma don yawan kuɗin da wani aikinsa ya tara a kasuwa ba. Abin da ya ja hankalina ga lamarin shi ne hanyar da yabon ya biyo kafin ya iso gare shi. Masana'antar da ta tsaya tana tafa masa a 2021 ita ce ta rufe masa ƙofa a 1993. Tsakanin shekarun nan biyu bai sauya hali ba, bai sassauta harshe ba. Abin da ya sauya shi ne yaran da suka zauna a ajinsa sun girma, sun shiga ɗakunan da ake yanke shawara.

Zan riƙa kiran sa Haile, domin a ƙasarsu haka ake yi. Kamar a wajenmu, suna na biyu na mahaifi ne.

Daga Gondar zuwa Los Angeles

An haife shi ranar 4 ga Maris, 1946, a Gondar, tsohon birnin sarakunan Habasha. Mahaifinsa marubucin wasan kwaikwayo ne mai yawo da 'yan wasansa gari gari, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Sana'o'in nan biyu da aka karrama shi a kansu, a gida ya tarar da su.

Ya sha ba da labarin yadda yana yaro yake shiga sinima kallon finafinan Tarzan, shi da abokansa suna bayan Baturen, har suna yi masa ihu ya waiwaya idan wani baƙar fata ya lallaɓo ta bayansa. Sai da ya girma ya gane abin da majigin ya yi masa: ya koya masa ya ƙi mai kama da shi, yana dariya, yana biyan kuɗin tikiti. Duk wanda yake son fahimtar zafin Haile a aji da kan kyamara, daga wannan labarin zai fara.

A 1967 ya tafi Chicago karatun wasan kwaikwayo a makarantar Goodman. A 1970 ya koma Jami'ar California da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, ya rungumi fim. Ya iso ne shekara biyar bayan boren 1965 na Watts, unguwar baƙaƙen fata a Los Angeles, lokacin da jami'ar ta fara buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar sashen fim. A nan ya haɗu da Charles Burnett da Larry Clark, daga baya Julie Dash da Billy Woodberry suka biyo, rukunin da masana suka laƙaba wa sunan 'yan tawayen Los Angeles. Suna zaune a gindin Hollywood, amma idonsu na kan Ousmane Sembène na Senegal da masu fim na Kuba da Ajantina da Brazil, waɗanda ke cewa talaka ma zai iya yin sinima da kayan aikin da ke hannunsa, ba sai ya jira na masu kuɗi ba. Akwai kuma ɗan ƙasarsu a jami'ar, Teshome Gabriel, wanda ya zama babban masani a kan wannan tafarkin.

Finafinai biyu ne suka fito da sunansa tun yana ɗalibi. A 1974, shekarar da sojoji suka kifar da Sarki Haile Selassie, ya koma gida da ƙaramar kyamara mai faifan milimita 16, ya ɗauki Mirt Sost Shi Amit, wato girbin shekara dubu uku. Fim ne marar kala, da harshen Amharik, 'yan wasansa mutanen karkara ne da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, a kan iyalin manomi da ke noma wa mai ƙasa yana kwashe amfanin. Na biyun shi ne Bush Mama, aikin kammala digirinsa na biyu, labarin wata mata a Watts da aka ɗaure mijinta bisa laifin da bai yi ba, ita kuma jami'an tallafi na matsa mata. Fim ɗin ya buɗe da hoton 'yan sanda suna tare wasu baƙaƙe suna lalube su a titi. Wannan ba shiri ba ne. Ma'aikatan fim ɗin ne 'yan sandan Los Angeles suka tare da gaske, kyamara kuma tana aiki, Haile ya bar hoton a ciki.

Aji a matsayin lokeshan

Jami'ar Howard an kafa ta ne a 1867, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, domin ilmantar da 'yantattun bayi da 'ya'yansu. Thurgood Marshall da Toni Morrison da Kamala Harris duk can suka yi karatu, Nnamdi Azikiwe ma ya zauna a cikinta na wani lokaci. Da Haile ya zaɓi zuwa nan maimakon ya tsaya neman aiki a Hollywood, ya san abin da ya sayar da abin da ya saya. Ya bar kusanci da masu kuɗi. Ya samu albashin da zai riƙe gida, da kayan aikin jami'a, da matasan da ke jin irin ƙishin da yake ji.

A nan ne nake ganin masu raba aikinsa gida biyu, su ce ga darakta ga malami, suke kuskure. Albashin koyarwa shi ya ba shi ƙarfin cewa a'a ga duk furodusan da zai nemi ya sauya labari. Yin fim kuma shi ya sa karatunsa bai zama na allo da alli kawai ba. Lokacin da ya yi fim ɗin gaskiya a kan mutum goma na Wilmington, 'yan gwagwarmayar da aka ɗaure a jihar North Carolina a farkon shekarun 1970 kafin kotu ta soke hukuncin a 1980, ɗalibai na cikin masu riƙe kayan aiki. A 1985 ya juya kyamara kan wani dattijon jami'ar, mawaƙi Sterling Brown, ya adana muryarsa kafin rasuwarsa. Ɗalibin da ya ga malaminsa yana neman kuɗin faifai, yana zama dare da rana a ɗakin tace fim, yana cin bashi yana biya, ya koyi abin da babu shi a manhaja.

Abin da ya fi nanatawa a koyarwarsa shi ne kowane mai fim ya nemo karin harshensa. Yadda Bakano da Basakkwace za su faɗi magana ɗaya amma kunne ya bambance su, haka yake son a gane hoton mutum daga inda ya fito. Ba ya tsoron aiki mai tabo, in dai tabon na mai shi ne. Ya fi son wannan a kan aiki mai sheƙi da aka kwaikwayo daga wani. Shi ya sa da gidan tarihin ya shirya nuna ayyukansa bayan bikin, aka sa wa shirin sunan wani fim ɗinsa na 1994, Imperfect Journey, tafiyar da ba ta cika ba.

Sankofa: fim ɗin da dillalai suka ƙi

Nan ne zuciyar lamarin, don haka zan ɗan daɗe.

Sankofa kalma ce ta mutanen Akan na Ghana, alamarta tsuntsu ne da ke tafiya gaba amma ya juya wuyansa baya. Bahaushe ya riga ya faɗi irinta: waiwaye adon tafiya. Fim ɗin ya fara ne a gidan kurkukun bayi na Cape Coast, a gaɓar tekun Ghana, inda wata baƙar Ba'amurkiya mai tallan kayan ƙawa, Mona, take tsalle-tsalle ana ɗaukar ta hoto, ba ta damu da abin da ganuwar ta gani ba. Wani tsoho mai kiɗa, wanda shahararren makaɗin Ghana Kofi Ghanaba ya fito a matsayinsa, ya tsare ta da ido. Da ta shiga ramin da ake tara bayi sai zamani ya juya da ita, ta farka a matsayin Shola, baiwa a gandun rake a can ƙetaren teku.

Abin da ya bambanta shi da finafinan bauta da aka saba yi a Amurka shi ne babu Baturen kirki da zai zo ceto. Bayin ne ke taruwa da dare, suna riƙe addininsu da sunayensu, suna shirya bore. Mawaƙin Jamaika Mutabaruka ya fito a matsayin Shango, 'yar wasan Ghana Alexandra Duah kuma a matsayin Nunu, uwar da ta riƙe tunanin gida. Haile ya yi shekaru yana bincike da tara kuɗi, ya haɗo su kaɗan kaɗan daga Ghana da Burkina Faso da gidajen talabijin na Jamus da Birtaniya. Matarsa, Shirikiana Aina, wadda ita ma darakta ce, tare suka ɗauki nauyin shirya shi.

A Fabrairun 1993 fim ɗin ya shiga babbar gasar bikin finafinai na Berlin, ɗaya daga cikin manyan bukukuwa uku na Turai. A al'ada, fim ɗin da ya kai nan yakan dawo da yarjejeniya a hannu. Sankofa ya dawo Amurka babu kamfanin rarrabawa ko ɗaya da ya ɗauke shi. Hujjarsu ita ce ba zai yi kasuwa ba.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka gama fim shi ne gama aiki. A gaskiya mai rarrabawa ne ke riƙe da maƙogwaron sana'ar: shi ke buga kwafi, shi ke biyan talla, shi ke da alaƙa da masu gidajen sinima. Duk furodusan da ya taɓa kai fim ɗinsa Ƙofar Wambai a zamanin kaset ya zauna jiran abin da 'yan kasuwa za su ce, ya san wannan zaman. In sun kau da kai, fim ya mutu a cikin akwati.

Haile da Shirikiana suka ƙi binne shi. Suna da ƙaramin kamfani da suka kafa tun shekarun 1980, Mypheduh Films. Suka kama hayar wani gidan sinima a Washington da kuɗinsu, bisa sharaɗin riba tasu, asara ma tasu. Ba su da kuɗin talla a talabijin, sai suka bi ta coci-coci, da gidajen rediyon baƙaƙe, da shagunan littattafai, da ƙungiyoyin ɗalibai da malaman makaranta. Wanda ya kalla ya fita ya kawo goma. A kowane gari aka samu masu sa kai da suka riƙa kiran kansu iyalin Sankofa, su ne masu raba takardu, masu sayar da tikiti, masu neman zaure. Daga Washington aka wuce Baltimore, New York, Chicago, Los Angeles da sauran birane, ana tafe da kwafin fim ɗin kamar fatake. A wurare da dama Haile da kansa yakan tsaya bayan an kunna fitila, ya amsa tambayoyi, mutane na kuka, wasu na gardama. Zauren sinima ya koma aji, darakta ya koma malamin da yake tun asali.

Fim ɗin da aka ce ba shi da masu kallo ya yi makonni yana cika zaure. Da abin da ya samu ne suka mallaki gini a titin Georgia, daura da jami'ar, suka buɗe shagon littattafai da finafinai da wurin shan shayi mai suna Sankofa, ɗakin tace fim kuma yana cikin ginin.

Ba zan ɓoye ra'ayina a kan fim ɗin kansa ba. Akwai wuraren da wa'azinsa ya fi labarinsa ƙarfi, akwai kuma halin Joe, bawan da ubansa Bature ne, wanda aka ɗora masa nauyin alama har ya kusa daina zama mutum. Masu suka sun faɗi haka, kuma suna da hujja. Amma wanda ya kalli fitowar Mona daga ramin nan a ƙarshe, ya ga fuskokin da ke zaune bakin teku suna jiran ta, zai gane dalilin da ya sa mutane suka riƙa komawa kallo da 'ya'yansu.

Daga Sankofa zuwa babban fim ɗinsa na labari na gaba, shekara 15 ce. A tsakani ya yi Adwa a 1999, a kan yaƙin 1896 da Habasha ta karya rundunar Italiya. Sai a 2008 Teza ya fito, ma'anarsa raɓa, labarin likitan da ya yi karatu a Jamus ya dawo gida ya faɗa cikin mulkin soja na Mengistu. A bikin finafinai na Venice ya ci lambar musamman ta alƙalai da ta rubutun labari. A bikin Carthage na Tunisiya ya ɗauki babbar lamba. A 2009 kuma FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, ta ba shi Dokin Zinare na Yennenga, kambun da Oumarou Ganda na Nijar ya fara ɗauka a 1972. Afirka da Turai sun riga Amurka yaba masa da shekaru masu yawa, alhali a Amurka yake kwana yake tashi.

Abin da ya fito daga ajin

Idan ana son auna malami, ɗalibansa ake dubawa. A nan hujjar Haile ta fi ƙarfi a fanni guda: ɗaukar hoto.

Akwai matsalar da duk baƙin da ya taɓa ɗaukar hoto tare da farar fata ya sani, ko da bai san dalilinta ba. Shekaru da dama kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Faifan kansa da ma'aunin haske an gina su ne a kan farar fata. Sakamakon haka, baƙar fuska takan fito ko dai a dushe babu ido babu hanci, ko kuma a watsa mata fitila mai ƙarfi har ta yi fari-fari tana ƙyalli kamar an shafa mai. Makarantun fim sun daɗe suna koyar da wannan a matsayin matsalar fatar, ba ta kayan aikin ba.

Masu ɗaukar hoton da suka fito daga Howard sun juya tambayar. Baƙar fata tana mayar da haske kamar madubi, tana ɗaukar launin abin da ke kusa da ita. Saboda haka maimakon a harbe ta da fitila, sai a kawo haske mai laushi daga gefe, ko a bugo shi daga bango ko farin ƙyalle, a bar duhu ya yi aikinsa, a amince cewa inuwa ma hoto ce. Wannan dabara ce ta hannu, amma tushenta tunani ne: sai ka yarda fuskar tana da kyau kafin ka nemi yadda za ka haska ta.

Ernest Dickerson, wanda ya ɗauki Do the Right Thing da Malcolm X na Spike Lee, ta Howard ya bi. Haka Malik Sayeed, wanda ya ɗauki Clockers a 1995. Arthur Jafa ya zauna gaban Haile, ya je ya ɗauki Daughters of the Dust na Julie Dash, ya ci lambar ɗaukar hoto a bikin Sundance na 1991, a 2019 kuma ya ɗauki Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Venice. Sai Bradford Young, wanda kusan duk hirar da aka yi da shi sai ya ambaci sunan malaminsa. Ya ci lambar Sundance a 2011 da Pariah, ya sake ci a 2013 da finafinai biyu, ɗaya daga ciki Mother of George na daraktan Najeriya Andrew Dosunmu. A 2017 aka sa sunansa cikin masu takarar Oscar saboda Arrival, ya zama baƙin Ba'amurke na farko da ya kai wannan matsayi a fannin ɗaukar hoto, a karo na 89 da ake bikin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba na cewa Haile shi kaɗai ya yi su. Akwai wasu malamai a sashen, irin su ɗan ƙasarsu Abiyi Ford, kuma kowane ɗalibi da baiwarsa ya zo. Amma idan mutum huɗu ko biyar daga jami'a ɗaya suka sauya yadda ake haska baƙar fuska a sinimar ƙasa guda, ruwa ba ya tsami banza.

Me ya sa sai a 2021?

Zaren yana da sauƙin bi. Bradford Young ne ya ɗauki wa Ava DuVernay Middle of Nowhere a 2012 da Selma a 2014. Ita kuma tun kafin ta shahara ta kafa kamfanin rarraba finafinan baƙaƙe da mata, wanda yanzu ake kira ARRAY, bisa tsarin da ya yi kama da na iyalin Sankofa: masu sa kai, gari gari, baki da baki. Ba ta taɓa ɓoye cewa Haile na cikin waɗanda ta koya daga gare su ba. A 2016 kamfaninta ya sake fitar da Ashes and Embers, fim ɗinsa na 1982 a kan baƙin sojan da ya dawo daga Vietnam. A 2021 kamfanin ya gyara Sankofa, ya sabunta hotonsa da sautinsa, aka sa shi a Netflix ranar 24 ga Satumba, kwana ɗaya kafin liyafar. Ita ma tana cikin shugabannin shirya liyafar.

Akwai kuma iskar lokacin. A 2015 da 2016 hukumar Oscar ta sha suka mai zafi saboda duk 'yan wasa 20 da ta tsayar takara farare ne, shekara biyu a jere. A 2020 kisan George Floyd ya sa kusan kowace cibiya a Amurka ta shiga duba tarihinta. Gidan tarihin da zai buɗe a irin wannan yanayi yana bukatar ya nuna cewa labarin sinima bai tsaya kan manyan kamfanoni ba. Gaskiya ita ce hukumar ta bukaci sunan Haile a daren nan kamar yadda, ko fiye da yadda, shi ya bukaci lambarta. Faɗin haka bai rage darajar karramawar ba. Ya dai nuna cewa cancanta ita kaɗai ba ta kai mutum dandamali. Cancantar tana nan tun shekarun 1970. Sai da aka samu wanda ya san ta a cikin ɗakin, lokaci kuma ya ba da dama.

Abin da lambar ta biya da wanda ba ta biya ba

Ta biya abu ɗaya babba: gani. Yaron da ke Atlanta ya samu damar kallon Sankofa a wayarsa, fim ɗin da a da sai an yi sa'ar tsohon kaset. An nuna tsofaffin ayyukansa a babban allo, tare da na abokan tafiyarsa da na ɗalibansa, wanda hakan ya fi kowane jawabi bayyana abin da ake karramawa.

Abin da ba ta biya ba shi ne shekarun. Daraktan da ya yi Mirt Sost Shi Amit yana ɗan shekara 28 ya cancanci a ce ya yi finafinan labari goma sha biyar ko ashirin. Waɗanda ya samu yi ba su kai rabin haka ba, domin kowane ɗaya sai ya yi shekaru yana roƙon kuɗinsa. Lambar da aka ba dattijo mai shekara 75 ba za ta dawo da finafinan da bai yi ba yana da 45. Wannan yana yi mini ciwo, domin asarar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Haka kuma suna ɗaya aka kira. Duk wanda ya san yadda aka yi Sankofa ya kai ga jama'a ya san aikin mutum biyu ne, kuma Shirikiana Aina tana da nata finafinan, ciki har da wanda ta yi a 1997 a kan komawa gaɓar Ghana. Lambobin yabo sun fi son fuska ɗaya, sana'ar fim kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinkarta.

Akwai wani ɓangaren da ya shafi jami'o'i ko'ina suke. Kwamitin ƙarin girma ya saba ƙirga maƙalu a mujallun ilimi, domin su suna ƙirguwa. Fim ɗin da ya ci shekara tara ana haɗa shi, a wane layi za a rubuta shi? Ɗalibin da sai bayan shekara goma sha biyar da barin aji zai nuna abin da aka shuka masa, wa zai jira shi kafin ya cika fom? A Amurka an ɗan sassauta wannan da amincewa cewa digirin MFA, wanda Haile ya samu a 1976, shi ne matakin ƙarshe a fannonin ƙirƙira, kuma aikin fasaha na iya tsayawa a madadin rubutun bincike. Duk da haka, sakamakon koyarwa irin tasa ba a ganin sa a zangon karatu ɗaya. Da a 1990 aka ce a auna shi da abin da ke ƙasa, da rabin hujjar ba ta riga ta bayyana ba, Bradford Young ma yana ɗan shekara 13.

Unguwar da shagon Sankofa yake ta yi tsada a 'yan shekarun nan, harajin gini ya yi ta hawa har ya kusa tashin su. A 2019 mutanen unguwa da tsofaffin ɗalibai suka yi ta kai koke, majalisar birnin Washington ta yafe wa shagon harajin na shekara goma. Wannan ma karramawa ce, kuma ta riga ta Los Angeles da shekara biyu, daga hannun mutanen da suka cika masa zaure a 1993.

A Disamban 2022 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da jerin finafinai 25 da yake zaɓa duk shekara domin a adana su a matsayin kayan tarihin ƙasa. Bush Mama na ciki, mai hoton 'yan sandan nan suna lalube ma'aikatan wani ɗalibi ɗan Gondar a titi. A cikin jerin kuma akwai Pariah na darakta Dee Rees, wanda Bradford Young ya riƙe wa kyamara.